Biyan Bashi Kafin Cikar Wa'adi

Daga cikin mas'alolin da suka shigo mana tare da albashin wata-wata da mu'amalar banki, waɗanda iyayenmu ba su san su da wannan siffa ba ko da yake bashi ba baƙonsu ba ne, tun da Hausawa suka ce hanji ne yana cikin kowa, akwai mas'alar mutumin da ya karɓi rance mai dogon wa'adi, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk ƙarshen wata, sa'an nan Allah ya hore masa 'yar rara a hannu, ya tsaya yana shawara da zuciyarsa: shin ya ɗora ta bisa abin da aka yanka masa domin ya sauke nauyin tun wa'adi bai cika ba, ko kuwa ya bar bashin ya ci gaba da tafiyarsa yadda aka tsara, ya juya rarar ta wata hanya? Na ji masu cewa babu abin shawara a nan, duk mai hankali gaggauta biya yake yi; na kuma ji masana lissafi suna cewa wanda ya yi gaggawar biyan rance mai sauƙin ruwa a zamanin tsadar nan ya jawo wa kansa hasara. Kowane ɓangare yana da hujja, illa dai kowannensu ya ɗauki hukuncin bashi iri ɗaya ya shimfiɗa shi bisa dukan basussuka, alhali kuwa yarjejeniyoyin da ake ƙullawa sun sha bamban ƙwarai: akwai wadda naira ɗaya da aka ƙara a farkonta take ɗauke wa mutum biyan kusan naira shida a ƙarshenta, akwai kuma wadda ko ya zube kuɗin duka a rana ɗaya ba za a rage masa ko kwabo ba. Saboda haka kafin mutum ya tambayi kansa nawa zai ƙara, wajibi ne ya fara sanin yadda ake lissafa abin da ke wuyansa.

Bari mu ɗauki misali da rancen gida na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a Nijeriya a 1992, ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa ana zubawa a ciki, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake kula da shi, ana kuma ba da rance daga cikinsa bisa ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara har zuwa shekara 30. A ƙaddara wani ma'aikaci ya sami naira miliyan 10 bisa wannan sharaɗi, zai biya cikin wata 360. Abin da zai faɗo masa kowane wata shi ne naira 59,955. Idan ya nemi jadawalin biya, wanda haƙƙinsa ne ya nema, zai ga takarda mai dogayen layuka, kowane layi wata guda, an raba shi gida huɗu: abin da ya biya, abin da ya tafi ga ruwa, abin da ya tafi ga uwar kuɗi, da abin da ya saura. A layin farko zai tarar cewa daga cikin naira 59,955 ɗin nan, naira 50,000 ruwa ce, naira 9,955 kaɗai ta taɓa uwa, saura ya tsaya a 9,990,045. A layi na biyu ruwan ya zama 49,950, uwa ta sami 10,005. Haka zai bi da yatsa yana gangarawa, shafi bayan shafi, ba zai iske watan da rabon uwa ya rinjayi rabon ruwa ba sai a cikin shekara ta 19. Idan ya tsaya a ƙarshen shekara ta 10 ya tara abin da ya fita daga albashinsa, zai sami naira 7,194,600, amma bashin da ke kansa yana nan wajen naira 8,368,600. In kuwa ya bi hanyar har ƙarshenta, jimlar abin da zai biya ta kai naira 21,583,800, wato ruwan kaɗai ya zarce abin da ya ranta.

Mutane da yawa, in sun ga wannan, sai su zaci banki ne ya yi dabarar kwashe ruwansa tun da fari. Haƙiƙanin al'amarin ya fi haka sauƙi, saninsa kuma shi ne mabuɗin mas'alar baki ɗaya. Kowane wata ana duba abin da ya saura na uwar kuɗi a ɗora masa rabin kashi ɗaya cikin 100, wato kashi 6 ɗin nan an raba shi wata 12. Abin da ya rage daga biyan watan bayan an cire wannan, shi ke rage uwa. Tun da uwar tana da girma a farko, ruwanta ma yana da girma, kuma duk naira da ta fita daga uwa ta daina haifar da ruwa daga wannan wata har ranar da za a rufe littafi. To, da yake ruwan wata ya riga ya fita daga biyan da aka yanka, duk abin da mutum ya ƙara a sama kai tsaye yake faɗawa kan uwa, babu abin da ake gutsura daga cikinsa.

Ga abin da wannan yake haifarwa. Idan ma'aikacin nan ya daure ya riƙa ƙara naira 10,000 kowane wata tun daga farko, bashin da aka ɗebar wa shekara 30 zai ƙare cikin shekara 21, jimlar biyansa ta sauko zuwa wajen naira miliyan 17.6, ya tsira da kusan naira miliyan 4, alhali ƙarin da ya yi ba hasara ba ne, uwar kuɗi ce da ko ba jima ko ba daɗe sai ya biya ta. Amma a lura da cewa lokaci shi ne ke ba ƙarin nan ƙarfinsa. Naira 100,000 da aka zuba sau ɗaya a watan farko tana share kusan wata 10 daga ƙarshen jadawali, wato biyan wajen naira 586,000. Ita wannan naira 100,000 ɗin, in aka jinkirta ta sai saura shekara 5 a gama, abin da za ta share bai wuce naira 135,000 ba. Wanda ya ce bari sai yara sun gama makaranta sa'an nan ya fara ƙari, ba laifi ya yi ba, wataƙila ma abin da ya wajaba a kansa ke nan, amma ya kamata ya sani cewa mafi yawan amfanin ya wuce shi a shekarun da ya jira.

Wannan tsari na biya daidai wa daida kowane wata har uwa da ruwa su ƙare tare, a Amurka ya yi ƙarfi ya bazu. Kafin karyewar tattalin arzikin da ta auka musu daga 1929, rancen gida a can gajere ne a galibi, shekara 5 ko 10, mutum yana biyan ruwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na uwa, ranar wa'adi kuma a nemi ya kawo sauran a dunƙule ko ya sabunta yarjejeniya. Da bankuna suka ƙi sabuntawa, sai dubban iyalai suka rasa gidajensu, har gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumomi a 1933 da 1934 waɗanda suka yaɗa rance mai dogon wa'adi da tsayayyen biya. Daga can ne kuma wata dabara ta shahara, ta biyan rabin kuɗin wata duk mako biyu, wadda sirrinta bai wuce cewa mako 52 na shekara suna ba da rabi 26 ba, wato biyan wata 13 maimakon 12. Mu da ake biyanmu albashi wata-wata ba mu da bukatar wannan zagaye: wanda ya ware biyan wata guda na ƙari a kowace shekara, daga kuɗin hutu ko daga abin da ya sayar da kaka, ya yi daidai da su, kuma a misalinmu na sama wannan kaɗai yana yanke wajen shekara 5 da rabi.

Sai dai mai ba da rance ba ya murna da wanda ya biya da wuri, domin ruwan da ya sa rai da shi ne yake kuɓuce masa, shi ya sa a ƙasashe da dama ake sanya tara bisa gaggauta biya, hukumomi kuma suka yi ta ƙoƙarin yi mata iyaka. A Faransa doka ta hana tarar rancen gida ta wuce ruwan wata 6, ta kuma hana ta wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ya saura. A Ingila bankuna da yawa sukan bari a ƙara har kashi 10 cikin 100 a shekara ba tare da tara ba. A Amurka dokar gyaran harkar kuɗi ta 2010 ta taƙaita ta ƙwarai. A wajenmu, wurin da mutum zai duba shi ne takardar tayin rance da ya sa wa hannu, wadda akasarinmu ba ma karantawa sai rigima ta taso. Idan akwai tara, sai a auna ta da ruwan da za a tsira da shi. Sau da yawa a farkon bashi ba ta kai ta hana ba, a ƙarshensa kuwa tana iya cinye amfanin duka.

Duk abin da ya gabata ya shafi rancen da ake lissafa ruwansa bisa abin da ya saura. Akwai wani iri, wanda ya fi yawa a ƙananan bankuna, da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, da wajen dillalan da ke ba da babur ko firiji a biya kaɗan-kaɗan, inda ake lissafa ruwan gaba ɗaya tun ranar farko bisa dukan uwar kuɗi, a haɗa, a raba da yawan watanni. Alal misali a ba mutum naira miliyan 2 na shekara 3 a ce masa ruwa kashi 15 ne kawai: naira 300,000 sau uku, 900,000 ke nan, a haɗa da uwa a raba gida 36, ya riƙa biyan naira 80,556. Kashi 15 ɗin nan yana da daɗin ji, amma da yake ana ci gaba da karɓar ruwa bisa kuɗin da ya riga ya mayar, in aka auna shi da ma'aunin farko ya kai wajen kashi 26. Abin da ya fi muni ga mas'alarmu shi ne cewa ƙari a nan ba ya kashe ruwa ko kaɗan, sai fa in an rubuta rangwame a yarjejeniya; wanda ya gaggauta biya ya ba da kuɗinsa da wuri ne kawai, mai rance ya sake juya su. Ko inda aka yarda da rangwamen, akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ake kira ta 78, domin in aka tara lambobi daga 1 zuwa 12 abin da ake samu ke nan: a rancen shekara guda ana ɗaukar kashi 12 cikin 78 na ruwan a watan farko, 11 a na biyu, har zuwa 1 a na ƙarshe, ta yadda wanda ya zo rufe bashinsa bayan wata 6 zai tarar an riga an cinye 57 cikin 78. Amurka ta haramta wannan ƙa'ida a 1992 ga rancen da ya wuce wata 61.

A nan ne hisabin banki yake haɗuwa da wata tsohuwar mas'ala ta fiƙihu, wadda duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani ya taɓa wucewa ta kanta. Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa wanda ake bi bashin kuɗi, na ciniki ne ko na rance, yana da ikon ya biya kafin ajali, domin ajalin sauƙi ne aka yi masa, kuma mai haƙƙi yana iya barin haƙƙinsa. Abin da suka hana shi ne a ƙulla cewa mai bin bashi zai yafe wani sashe domin a gaggauta masa sauran, mas'alar da aka sani da da' wa ta'ajjal. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin wani ɗan kasuwa da ya sayar wa waɗansu mutane tufafi da ajali, sa'an nan tafiya Kufa ta kama shi, suka yi masa tayin ya rage musu su biya shi nan take, ya tambayi Zaidu ɗan Sabitu, Allah ya yarda da shi, ya hana shi. An kuma ruwaito ƙin haka daga Abdullahi ɗan Umar. Hujjarsu ita ce wanda ya rage kuɗi domin an rage lokaci ya sanya wa lokaci farashi, daidai da wanda ya ƙara kuɗi domin an ƙara lokaci, wanda shi ne ribar jahiliyya. Amma Abdullahi ɗan Abbas ya halatta, Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka bi bayansa, suna cewa riba tana ƙara wa wanda ake bi nauyi da tsawon zama cikin bashi, wannan kuwa yana rage masa duka biyun, mai bin bashi kuma ya sami kuɗinsa a hannu, babu wanda aka zalunta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta rinjayar da halaccin, bisa sharaɗin kada ya kasance an ƙulla shi tun farko, kuma ya tsaya tsakanin mai bi da wanda ake bi, ba tare da na uku ya shiga ba.

Wannan saɓani yana da tasiri a aljihun mutane a yau, tun da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suka fara aiki a Nijeriya a 2012. A cinikin murabaha banki yana sayen kaya, a ce mota, ya sayar wa mutum da riba sananniya a biya cikin shekaru; farashin nan da aka yanke, uwa da riba, ya zama bashi guda a wuyan mai saye tun ranar ciniki, ba ya ƙaruwa in an yi jinkiri, wanda alheri ne babba, amma kuma ba ya raguwa don an gaggauta, sai in bankin ya yi ibra'i, wato ya yafe wani sashe don ganin damarsa. Babban Bankin Maleshiya, da ya ga yadda wannan yake sa mai mu'amala da bankin Musulunci ya fi abokinsa na bankin ruwa shan wahala in sun tashi rufe bashi da wuri, ya fitar da ƙa'idoji a 2011 da suka wajabta wa bankuna yin ibra'i da bayyana yadda ake lissafa shi. Malamai suna da maganganu a kan wajabtawar, ba kuma ni zan yanke tsakaninsu ba. Abin da nake gani lalle ne, ko a bisa mazhabar da ta fi tsanani, shi ne a gaya wa mai saye gaskiya tun kafin ya sa hannu, ya san ko gaggawarsa za ta amfane shi a kuɗi ko kuwa sauke nauyi kaɗai za ta yi masa. Wanda kuma yake da zaɓi wajen sayen gida, ya duba tsarin musharaka mai raguwa, inda shi da banki suke tarayya a mallakar gidan, yana biyan hayar rabon banki yana kuma sayen rabon kaɗan-kaɗan. A nan duk ƙarin da ya yi sayen rabo ne, haya kuma tana sauka gwargwadon abin da ya saya, ba tare da an shiga saɓanin da muka ambata ba.

Yanzu sai hujjar masu cewa kada a gaggauta, wadda bai kamata a raina ta ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. Wanda ake bi bashi bisa kashi 6 a irin wannan hali, kuɗin da zai mayar ba su kai darajar waɗanda ya karɓa ba, ko an haɗa da ruwan. A duba naira 59,955 ɗin nan ta misalinmu: a 2011, da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000, ta fi albashin mutum uku, a 2019, da ya koma 30,000, ta yi kusan daidai da na mutum biyu, a 2024, da ya zama 70,000, ba ta kai na mutum ɗaya ba. Bashin yana narkewa da kansa, rarar kuma da an sa ta a hatsi, ko a dabba, ko a sukuk irin wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da ladan haya sama da kashi 16, da ta kawo fiye da kashi 6 da ake gudu. Lissafin daidai ne, amma yana tsaye bisa sharuɗɗa biyu waɗanda ba kasafai suke cika ba. Na farko, sai abin da mutum yake samu ya riƙa tashi tare da farashi, alhali mun ga yadda albashi yake zama shekara biyar wuri ɗaya kasuwa tana gudu. Na biyu, sai rarar ta tafi ga juyawa da gaske. Abin da na fi gani shi ne naira 10,000 da ba a ba banki ba takan narke a biki da suna da canjin waya, shekara ta ƙare babu jari babu ragin bashi. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, da yake sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, farashi ba ya gudu haka a wajensu a galibin shekaru, wannan hujja ba ta da ƙarfi sosai a can.

Kuma hujjar ba ta wuce rance mai sauƙin ruwa ba. Da Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamba 2024, rancen bankunan kasuwanci ya zama abin tsoro. Naira miliyan 2 bisa kashi 30 na shekara 3 tana cin naira 84,903 a wata, ruwanta ya haura miliyan ɗaya. Ƙarin naira 20,000 a wata yana rufe ta cikin wata 27, ya tsirar da wajen naira 300,000, kuma babu wata sana'a da za ta lamunce wa mutum ribar kashi 30 ba tare da haɗarin karyewa ba. Rancen manhajojin waya da ake lissafa ruwansa wata-wata ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Wanda basussuka suka taru a kansa, ya ci gaba da biyan abin da aka yanka a kowanne, ya tattara rararsa duka bisa wanda ya fi tsadar ruwa har ya mutu, sa'an nan ya juya kan mai bi masa.

Ra'ayina game da rance mai sauƙin ruwan ma, ga Musulmin da larura ta jefa shi ciki, shi ne ya gaggauta gwargwadon ikonsa. Wanda ya yi imani cewa ruwa haramun ne, ya kuma shiga don ba shi da wata hanyar samun rufin asiri, bai dace ya mai da larura ta zama hanyar cin riba ba, yana tsawaita zama cikin abin da yake neman gafara a kansa domin lissafi ya nuna akwai amfani. Larura ana ƙaddara ta ne da gwargwadonta. Ban da wannan, bashi yana gaba da wasiyya da rabon gado a dukiyar mamaci, kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata daga yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa har sai da Abu Ƙatada ya ɗauke masa. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma wanda ya shiga fansho da sauran biyan wata-wata a wuyansa ya san abin da ake nufi da ƙunci. Amma gaggawar tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce nafaƙar iyali da ajiyar ko-ta-kwana. Kuɗin da aka zuba a bashi ba ya dawowa: mutumin da ya yi shekara biyar yana ƙari, sa'an nan ciwo ya kwantar da shi ko albashi ya tsaya wata uku, ba zai je banki ya ce a ba shi ƙarinsa ya sayi magani ba, ba kuma lalle ne a ɗaga masa ƙafa a watan da ya kasa ba. Sai ya fara tara abin da zai riƙe gidansa 'yan watanni, ya kuma tabbata kuɗin makaranta da na asibiti ba za su sa shi cin sabon bashi mai tsada don ya biya tsoho mai araha ba.

Akwai bashi guda da lissafi yake ajiyewa a ƙarshen layi, ni kuwa nake ganin wurinsa kusa da gaba ne, shi ne rancen ɗan'uwa ko aboki wanda babu ruwa a cikinsa. Yayan da ya ba ƙanensa naira 500,000 a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, in aka mayar masa da ita a 2024 da dala ta haura 1,500, adadin ya cika amma darajar ta zube, kuma shi ya ɗauki hasarar saboda zumunci, yana jin kunyar tambaya. Jinkirta masa don a gaggauta wa banki, alhali da hali, cin amanar alherinsa ne. Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya mayar da wanda ya fi shi; malamanmu sun halatta kyautatawa a siffa in ba a sharɗanta ba, sun yi saɓani a kan ƙari a adadi, Ashhabu ya halatta, Ibnul Ƙasim ya ƙi. Saurin mayarwa kuwa babu mai saɓani a kan kyansa.

Wanda ya ƙudurta yin ƙari, kada ya wadatu da zuba kuɗi a asusu ya juya, domin sau da yawa kuɗin yakan zauna a asusun ajiya bai taɓa bashin ba, ko a lissafa shi biyan watan gobe da aka kawo da wuri, ruwa kuma ya ci gaba da hawa bisa uwar da ba ta ragu ba. Ya rubuta takarda, ya riƙe kwafinta da hatimin banki, ya kuma faɗa wa ma'aikacin da baki: «Malam, wannan kuɗi a ɗora shi kan uwa, ba biyan wata mai zuwa ba ne, kuma ina son sabon jadawali.» Za a iya tambayarsa ko yana son a rage masa biyan wata-wata wa'adi ya tsaya yadda yake, ko kuwa biyan ya tsaya a gajarta wa'adi, na biyun ya fi kashe ruwa, na farkon ya fi dacewa da wanda numfashi yake nema. In sabon jadawalin ya zo, ya duba gida na huɗu ya ga ko saura ya sauka daidai da abin da ya zuba.

Ranar da ya yi biyan ƙarshe ma da sauran aiki. Ya karɓi takardar shaidar cewa ba a binsa kome, ya kai kwafinta ofishin albashi domin a tsayar da cirewa, ya karɓo takardun mallakar gidansa ko motarsa da aka riƙe jingina, ya bi har a soke jinginar a ofishin rajistar filaye, ya kuma nemi a gyara sunansa a wajen hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Tun daga Agusta 2020 bankuna a Nijeriya suna da izinin cire bashin da aka kasa biya daga asusun mutum na kowane banki ta hanyar lambar BVN, saboda haka 'yan nairorin da suka maƙale a littafi ba a rufe ba suna iya tara ruwa a ɓoye, su biyo shi bayan shekaru a asusun da bai taɓa zato ba.